Kwanar Saje

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina zaune a ɗaki ina jin ku a tsakar gida kuna ba 'ya'yanku labarinsa. Kun faɗi gaskiyarsa, kun faɗi yadda yake goge takalmi har mutum ya ga haƙoransa a jiki, sannan kamar kullum hira ta gangaro kan labarin kwanar titin nan. Ke Zainab ce kika ce musu kakansu mutum ne da ko ɗan cikinsa bai tsaya wa a hanya ba saboda bin doka. Yara suka riƙe baki, ku kuka yi dariya, ni kuwa shinkafar da ke gabana ta fita raina. Labarin nan ya daɗe yana yawo a Orozo, kowa ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri, har waɗanda suke goye a lokacin yanzu suna rantsuwa suna cikin motar. Ni na san abin da ya faru, ga shi kuma gwiwa da ido sun fara yi mini gargaɗi. Shi ya sa na ɗauki biro. Da baki ba zan iya ba, domin dukanku kun gado ni a surutu, ba a kai ƙarshen zance a gabanku.

Wanda labarin ya shafa, wato yayanku, ba ya cikin masu dariyar. Tun bayan sadakar uku ya koma Fatakwal. Za ku ga ina ta cewa yayanku, yayanku, ban ambaci sunansa ba. Ku 'yan Abuja abin dariya yake ba ku, har kukan tsokane ni ku ce in faɗa a ba ni tukwici. To mu haka aka rene mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a zama a yi doguwar hira da shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa zama a rai. Babanku ma haka ya tashi. Tsakaninsa da yayanku gaisuwa ce da aike: an tashi lafiya, je ka ɗebo ruwa, Allah ya yi albarka. Ku na baya ku kuka hau masa kafaɗa kuka ja masa gemu. Ku riƙe wannan, domin ba za ku gane sauran ba sai da shi.

Na auri babanku yana kofur, direban babbar motar ɗaukar sojoji. Mun zaga barikoki har na daina cire kwanukana daga kwali, ina koyarwa a firamaren duk inda aka jefa mu. Sau biyu aka tura su ƙasar waje aikin kwantar da tarzoma. Ba mutum ne mai ba da labarin yaƙi ba, in aka matsa masa sai ya ce abincin can ba daɗi. Abu ɗaya kawai ya taɓa gaya mini, cewa a ayarin motocin soja ba a tsayawa. Ko wa ya ɗaga maka hannu a bakin daji, ko mace ce da goyo, wucewa za ka yi, domin in ka tsaya ka tsayar da duk na bayanka, kuma abin da masu kwanton ɓauna ke jira ke nan. Ya ga motar da ta tsaya. Bai faɗa mini abin da ya same ta ba, ni ma ban tambaya ba. A tafiya ta biyu gilashin motarsa ya tarwatse, ɓurɓushi ya shiga idonsa na dama. Aka wanke, aka ɗaure, ya warke, idon ya koma kamar ba abin da ya taɓa shi. Ya dawo da igiya uku a hannun riga, daga nan sunan Saje ya bi shi har kabari. Ni ma da shi na samu mafita, tunda ba zan kira sunan mijina ba.

Da ya ajiye kaki zama ya gagare shi. Ya koma duba mana gindin tukwane ko an wanke, yana auna ko an ja zanin gado daidai, har na roƙi Allah ya ba bawan nan aiki kafin in yi yajin da ban taɓa yi ba. Allah ya amsa, ya samu tuƙi a kamfanin dogayen motocin da ke kwasar ma'aikata daga garuruwan gefe zuwa cikin birni. Muka kafa ɗan gidanmu a Orozo, lokacin gonakin doya sun fi gidaje yawa. Hanyarsa daga Karshi ce, ya biyo ta nan, ya ratsa Nyanya har Sakatariya. Sai Saje ya ɗauko bariki ɗungurungum ya shigo da ita cikin mota. Sauran direbobi sai mota ta cika suke tashi, shi sai lokaci ya yi, ko da rabin kujeru ba kowa. Sauran suna tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, shi sai inda kamfani ya kafa allo. Ko babban ma'aikaci ne da babbar riga ya makara, ko liman ne, amsarsa ɗaya ce, nan ba tasha ba ce. Da farko an zage shi har an gaji. Daga baya matan unguwa suka koma ɗora koko da ƙarar motarsa, masu agogo suna gyara agogonsu. Kwandastansa Bitrus, mutumin Filato, shi ma tsohon soja ne, tare suka yi tafiya ta biyu. Shi ke can baya yana karɓar tikiti, in ana son a tsaya ya bubbuga jikin mota.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda aka hana ƙananan motocin haya shiga cikin birni. Kowa ya koma kan dogayen, safiya ta zama kokawa, wanda ya rasa ta fari sai ya kai hantsi a bakin titi. Yayanku ya daɗe da gama bautar ƙasa, yana yawo da takardu ofis-ofis har dugadugan takalminsa suka cinye. Ba mu da kowa a sama, ɗan tsohon saje da malamar firamare wa zai yi masa magana? Sai ga shi wata hukumar gwamnati ta kira shi. Ya ci jarrabawar rubutu, saura intabiyu, a gan shi ido da ido. An ja musu kunne cewa duk wanda ya zo bayan an rufe ƙofa ya juya gida. Duk gidanmu ya ɗora rai a kan wannan rana. Ni a zuci na yi masa addu'ar da ban taɓa yi wa kowa ba, a fili kuwa cewa na yi da Zainab ta gaya masa kar ya manta da hula. Babansa da kansa ya goge masa takalmi ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa, ya fita da asuba zuwa Karshi ɗauko mota.

Damina ce, an wayi gari da ruwa, ba wuta, farar shaddar da zai sa kuma ba a goge ba. Muka hura dutsen guga, gawayin ya sha sanyi ya ƙi kamawa. Kafin a gama lokaci ya ƙure. Ya san halin uban nasa, ya san ko da gudu ba zai isa tasha kafin motar ta tashi ba. Sai ya yanke ta cikin gonaki ya ɓulla kwanar da ke gaban gari, wajen kwalbati, inda dole kowace doguwar mota ta rage gudu. Ya tsaya a hannun dama, gefen da fasinja ke tsayawa, cikin fararen kaya, takardunsa a leda a kan kansa. Mota ta taho, ta rage gudu, ya ɗaga hannu har ya tako kwalta. Ya ga fuskar babansa sarai ta gilashi. Mota ta wuce ta watsa masa ruwan taɓo tun daga ƙirji har ƙafa. Bitrus ya hango shi ta tagar baya, ya hau dukan jikin mota da hannu biyu. Daga gaba sai aka ji amsar da kowa ya haddace:

"Nan ba tasha ba ce."

Motar cike take maƙil, mutane a tsaye kamar an jera rake. Kafin Bitrus ya kutsa ya isa gaba ya faɗa wa Saje ko wane ne, an yi nisa, an shiga cunkoson da doguwar mota ba ta juyawa. Rabin waɗanda ke ciki kuwa maƙwabtanmu ne, sun ga yaron, sun ji amsar. Yayanku ya taka da ƙafa, ya hau acaɓa, ya rataya a wata motar, ya isa an rufe ƙofa. Maigadi ya dubi taɓon da ke jikinsa ya ce ya yi haƙuri.

Kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Da zagin Saje aka yi, da wataƙila abin ya zo da sauƙi, amma yabonsa aka yi. A masallaci ana miƙa masa hannu, ana cewa da ana samun irinsa a kowane ofis da ƙasar nan ta gyaru. Wani dattijo har misali ya riƙa yi da shi in yana yi wa 'ya'yansa faɗa. Yayanku yana sahun baya yana jin yadda aka mai da baƙin cikinsa abin koyi. Bai yi wa kowa tsiwa ba, ba halinsa ba ne. Magana ɗaya ya yi, ga Zainab, a inda ya san ina ji, domin shi ma da ni ba ya magana kai tsaye:

"Ido cikin ido ya kalle ni, Zainab. Da akuya ce ta tsaya a wurin, da ya taka mata birki."

Ba a daɗe ba ya haɗa jakarsa ya bi wani abokinsa Fatakwal. Ya durƙusa ya yi wa babansa sallama, babansa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan.

Ni kuwa na cika na batse. Na daina yi wa Saje magana in ban da gaisuwa, ita ma a taƙaice. Ni da nake durƙusawa in ajiye masa kwano a gabansa in buɗe, ranar da yaron ya tafi sai na ajiye tuwon a kan tabarma ta gefensa na dama, daf da gwiwarsa, ban ce uffan ba. Ana yayyafi a kan rufin kwano, kuna ɗaki kuna karatu. Na koma bakin murhu ina hararar ƙeyarsa. Ya zauna, ya zauna, har tuwon ya daina tururi. Can sai ya yi gyaran murya ya ce:

"Yau ba a ba mu abinci a gidan nan ne?"

Na buɗe baki in tambaye shi ko makancewa ya yi, sai wani tunani ya faɗo mini. Na taso a hankali na tsaya ta damansa, na ɗaga hannu ina kaɗawa kamar mai tsayar da mota. Bai motsa ba. Sai da na zagayo gabansa ya yi firgigit. Muka dubi juna, ya gane na gane. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

A nan ya faɗa mini. Idon nan da aka ce ya warke ya daɗe yana dushewa daga gefe, kamar hayaƙi na shigowa ɗaki. Ya je wurin wani likita a ɓoye, aka ce tsohon raunin ne ya taso, ba abin da za a iya yi. Ya riƙa juya wuya, yana dogara da madubi da kuma bugun Bitrus, yana ganin hakan ya isa. Ran nan ga ruwa a gilashi, ga kwana, hankalinsa na kan motocin da ke tahowa ta hagu. Bugun da ya ji ya ɗauka irin na kullum ne, wani ya makara. Na tambaye shi, to da ya gan shi fa, ina dokar tasa? Ya ce:

"Da na gan shi, da na taka birki ko da a ranar za su karɓe makullinsu. Amma ba wannan kaɗai ke cina ba. Yaron da na haifa, cikin fararen kaya, yana ɗaga mini hannu, ban gan shi ba. Gobe ɗan wa zan kasa gani?"

Washegari ya je ya ajiye makulli a teburin ogansu, ya ce bayansa ya gaji da kujera, a ba shi aikin ƙasa. Aka ba shi usur, ya zama mai sallamar motoci a tasha. Matsayin ya yi ƙasa, abin da ke shigowa ma haka. Kun tuna shekarar da nama ya koma baƙon Juma'a a gidan nan, ni kuma na fara ɗaura zoɓo a leda ina kaiwa makaranta? To wannan ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari ya koma tsayuwa a rana yana kallon yaran direbobi suna sa giya kamar masu karya itace. Yakan dawo yana ƙunƙuni, ya wanke ƙafa, ya ce yau ma an ci zarafin mota. Bai ambaci ido a ofis ba, domin da ya shiga takarda gida za a turo shi gaba ɗaya, ga ku huɗu a makaranta. Mutanen gari suka ce taurin kansa ne ya ja masa aka sauke shi. Ya bar su da abin da suka ce.

Na ce masa ɓoye wa kamfani na gane, ɓoye wa gari ma ban damu ba, amma yaron nan fa? A kira shi a gaya masa, ko a tura Bitrus. Sai ya ce:

"Zan faɗa masa, amma da bakina, yana zaune a gabana. Ba maganar waya ba ce, ba kuma ta aike ba. Ki yi mini alkawari ba za ki riga ni ba."

Na yi masa. An ce alkawari kaya ne, ni dai ban san nauyin wannan ba sai da na ɗora shi a ka. Bayan ni, Bitrus kaɗai ya sani, shi da kansa ya gano tun kafin ni. Ya zo gaishe ni wata Lahadi bayan ya taso daga coci, ya same ni ina tsintar wake ido ya kumbura.

"Madam, ki daina damuwa. Ni na san oga tun a daji. Motan ne ya wuce, zuciyan oga yana wurin. Jini ɗaya ne, za su shirya."

Bitrus mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma duba ba sana'arsa ba ce.

Yayanku ya sha wuya a Fatakwal kafin Allah ya buɗa masa. Da ya samu, bai taɓa gaza mana ba. Shi ya sake mana rufi, shi ya ɗauki karatun autarmu, buhun shinkafa ba ya yankewa. Amma zuwa sai jefi-jefi, da Sallah, da matarsa da yara, su kwana a masauki su juya. Duk zuwan da zai yi, Saje sai ya ce mini wannan karon kam zai faɗa. Ya sa babbar riga, ya kore ku waje, yaro ya shigo ya durƙusa ido a ƙasa. Ina bayan labule ina jin su. Ya hanya, ya iyali, ya ruwan Fatakwal. Sai in ji an ce Allah ya yi albarka, yaro ya tashi. Mutumin da ya ratsa wuta da mota ya kasa ratsa tabarma ɗaya. Shi ma ɗan, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya ce Baba me ya sa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kansu ɗaya, kamar an sassaƙa su daga dutse guda. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi. Bayan ya yi ritaya ba sauran dalilin ɓoyewa, sai dai soja ba ya son a ji tausayinsa, kuma magana in ta daɗe a ciki nauyi take ƙarawa.

Ku ma da kuke gidan ba ku lura ba, kuma ban ga laifinku ba, idon lafiya lau yake a gani. Kullum bango ne a damansa in ya zauna, in ba bango to ni ce. In aka kira shi ta wannan gefen sai ya juyo da jikinsa duka, ku kuna kwaikwayonsa a bayan ido kuna cewa juyin fareti. Yana sane, yakan yi murmushi ya ce gara ku ce haka.

Abu ɗaya ya iya yi, shi ma ba da baki ba. Tun yana riƙe da usur ya dami ofishinsu da zirga-zirga, yau ya je gobe ya koma, cewa mutanen bayan gonaki suna wahala, a kafa allon tsayawa a kwanar nan. Sai da suka gaji da ganin fuskarsa suka kafa. Mutane suka sa wa wurin Kwanar Saje, su a tunaninsu tuna wancan labarin suke yi. Da yayanku ya zo ya gani, sai ya ce da Zainab ashe har allo aka kafa wa abin. Na ji wannan magana na shiga ɗaki na yi kuka, domin uba ya ba da haƙuri da yaren da ya iya, ɗa ya ji shi a matsayin gori.

A ciwonsa na ƙarshe gadon da aka ba shi a asibiti taga ce a hagunsa, ƙofa a dama. Na roƙi a sauya mana, aka ce ba wuri. Da jiki ya yi tsanani Zainab ta buga wa yayanku waya, ya taso. Daga hanya asibiti ya zarce, ya iso na tafi sallar azahar, likitoci kuma suna zagaye, ba a barin kowa ya shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa. Babansa na kwance ido biyu yana duban gabansa. Yayanku ya ɗaga masa hannu. Zainab ta ce ya daɗe a haka, hannun a sama, kamar yaron makaranta. Daga baya ya sauke, ya miƙa mata ledar da ya zo da ita, ya ce:

"Ki gaya wa Inna na zo, sai gobe in Allah ya kai mu. Da alama har yanzu nan ba tasha ba ce."

Da na dawo Zainab ta faɗa a gabansa cewa Yaya ya zo ya tafi. Saje ya tambaya a ina ya tsaya, ta ce a bakin ƙofa. Ya rufe ido, hawaye suka gangaro masa. Tunda na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Ke Zainab kin ɗauka nadamar taurin kai ce. Ya ce mu juya shi, muka kwantar da shi a kan damansa yadda idon mai gani zai fuskanci ƙofa. Muka yi ta kiran wayar yayanku, a kashe. Haka ya wuni, duk inuwar da ta gifta sai ya ce shi ne? Ya ƙi yarda a sake juya shi ko da ma'aikaciyar jinya ta ce gefen zai yi masa ciwo. Da safe yayanku ya dawo kamar yadda ya ce, ya tarar an ja mayafi.

Na so in faɗa masa a zaman makoki. Ranar sadakar uku ya shigo ya durƙusa zai yi mini sallama, ɗakin ba kowa sai mu biyu, irin damar da babansa ya yi ta samu yana saki. Na tattara maganar tun daga cikina, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya kiyaye hanya. Ashe ni ma ban fi Saje ba. Shekara da shekaru ina yi masa gorin tabarma ɗaya, da aka shimfiɗa mini ita ban iya ratsawa ba.

Ina baƙin cikin shekarun nan, ba zan ɓoye muku ba. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, kowa abin da aka koya masa ya riƙe. Shi ya riƙe na bariki, ni na riƙe na gidanmu, yaro ya riƙe abin da idonsa ya nuna masa. Babanku ya ce kar in riga shi faɗa, na jira har ƙasa ta rufe bakin da zai faɗa, ina ganin na sauke kayan da ya ɗora mini. Ku daina ba jikokina wancan labarin. In za ku ba su, ku ce kakansu ya ajiye aikin da ya fi so a duniya don kada ya taka ɗan wani. Ke Zainab, kafin kowa ya karanta wannan, ki kai wa yayanku hannu da hannu, ki zauna har ya gama.

Kai kuma, saura kai. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba, na bar wa kunya, kuma na duba ban ga abin da kunyar ta tsare mana ba. Usman. Ga shi na faɗa, kuma da hannuna na rubuta. Usman, babanka bai gan ka ba. A kwana bai gan ka ba, a asibiti bai gan ka ba, kuma ƙofar da ka tsaya yake kallo har ya cika.